Sawu ko Kama: Da Wanne Za a Nemi Mai Laifi a Adar?

A ƙauyukan arewacin Adar, in aka wayi gari garke ya yi ƙafa, ba jandarma ake fara kira ba. Mai bin sawu ake tasowa. Zai zo da sandarsa, ya kori yara kada su tattake wurin, ya durƙusa ya yi shiru kamar mai bitar allo. Can sai ya ɗago ya ce mutum uku ne, ɗaya yaro ne don takunsa gajere ne, ɗaya yana ɗingisa ƙafar hagu, sun zo bayan iskar dare ta kwanta. Sannan ya ƙara da cewa wanda ya kora dabbobin ba baƙonsu ba ne, tunda ba su watse ba, a jere suka bi shi.

Maganar ƙarshen nan ita ce abin lura. Tsawon taku da ɗingishi, ƙasa ce ta faɗa masa. Amma cewa ɓarawon sananne ne ga garken, wannan daga yadda aka yi aikin ya ciro shi. Ya bar karatun ƙafa ya shiga karatun hali.

Wannan karatu na biyu shi Turawa suka mayar fanni mai zaman kansa a binciken laifi. Masanin halayyar ɗan Adam ya duba inda aka yi ɓarna, da wanda aka yi wa, da lokacin da aka zaɓa, da abin da aka ɗauka da wanda aka bari, sai ya zana siffar mutumin da ba a kama ba tukuna: shekarunsa, sana'arsa, inda ake jin yana kwana, ko yana da iyali, ko ya taɓa shiga kaso. Hukumar FBI ta Amurka ta buɗe sashen wannan aiki a 1972, jandarmomin Faransa ma suna da nasu. Finafinai sun ƙara masa gishiri, har matashin da ke kallo a waya a wata fada ta Tawa ya ɗauka cewa mai binciken ƙwarai duban gawa kawai yake yi ya faɗi launin rigar wanda ya yi kisan.

Tambayar da ke gabanmu ita ce ko ya dace masu bincike a Tawa, da Abalak, da Cintabaradan, da Tiliya su rungumi wannan hanya su ba ta matsayi a aikinsu. Na saurari mutanen da ke cewa an ma yi latti, na kuma saurari waɗanda ke cewa Allah Ya tsare. Ba wawaye a kowane ɓangare, shi ya sa maganar ta cancanci a baje ta.

Abin da masu goyon baya ke cewa

Hujjarsu ta farko ita ce rashi. Jihar Tawa ta haura murabba'in kilomita dubu ɗari, kuma ƙidayar 2012 ta ba ta mutum sama da miliyan uku. Daga birnin Tawa zuwa Yamai, inda manyan kayan binciken kimiyya suke, tafiyar kusan kilomita 550 ce. Jandarman da aka kira daji bayan kwana biyu da aukuwar abu zai tarar iska ta share sawu, an binne gawa kamar yadda addini ya umarta, ƴan kallo sun taɓa duk abin taɓawa. Ba kyamarar tsaro, ba zanen yatsa, ba gwajin ƙwayoyin halitta. Abin da ya rage masa shi ne labarin yadda aka yi aikin, kuma shi wannan labari ba ya buƙatar lantarki ko firji. In an koya masa karanta shi, an ba shi makami mafi arha.

Suna kawo misalin Ingila. A tsakiyar shekarun 1980 wani mutum ya addabi mata a kusa da tashoshin jirgin ƙasa na Landan, fyaɗe da kisa. Ƴan sanda suna riƙe da jerin sunaye kusan dubu biyu, ba su san ta ina za su fara ba. A 1986 suka nemi taimakon wani malamin jami'a, David Canter. Ya ɗora wuraren laifin a kan taswira, ya bi yadda salon mutumin ke canzawa daga wannan hari zuwa wancan, ya ce yana zaune kusa da inda ya fara, aurensa ya lalace, yana da sana'ar hannu, ya san harkar jirgin ƙasa. A cikin jerin akwai John Duffy, kafinta, tsohon ma'aikacin kamfanin jirgin ƙasa, mazaunin unguwar Kilburn, wanda sunansa ke can ƙasa. Aka ɗago shi sama, aka sa masa ido, aka kama shi. Daga cikin abubuwa 17 da Canter ya faɗa, 13 sun dace da shi. Masu goyon baya suka ce ai ga shi nan: siffar ba ta yanke hukunci ba, ta dai rage wa mutane wahalar tankaɗe.

Sai kuma haɗa laifi da laifi. Mai hali ba ya fasa halinsa. Wanda ke fasa shago ta rufi zai sake bi ta rufi. Masu ƙwacen babur da ke hayar ɗan kabu-kabu da magariba su ce ya kai su bayan gari, a Ƙonni ma haka za su yi, a Madawa ma haka. Yau kowane ofishi da littafinsa: na ƴan sandan Tawa daban, na jandarmomin Keita daban, na Buza daban. In da akwai wanda aikinsa shi ne jera waɗannan labarai yana neman inda suka yi kama, da an gane cewa laifi bakwai a garuruwa huɗu aikin hannu ɗaya ne.

Hujjarsu da ta fi shiga ran mutanenmu ita ce abin ba baƙo ba ne. Malamai sun san firasa, sun san ƙiyafa, sun san hukunci da alamu. A ƙissar Annabi Yusufu, yagewar riga ta baya ce ta nuna wanda ke gudu da wanda ke bi. A hukuncin Annabi Sulaimanu tsakanin mata biyu masu jayayya kan jariri, halin uwa aka gwada har gaskiya ta fito. Iyasu ɗan Mu'awiya, alƙalin Basra, da kaifin lura ya yi suna. Ibnul Ƙayyim ya yi littafi guda kan hanyoyin da alƙali ke bi ya gano gaskiya, Ibnu Farhun na mazhabar Malikiyya ma ya ba alamu babi mai faɗi. Malaman fiƙihu har sun kasa wanda ake tuhuma kashi uku: wanda aka sani da kirki, wanda aka sani da ɓarna, da wanda ba a san halinsa ba, kowanne da yadda ake bi da shi. To, in ji su, me ya sa za mu tsorata da abin da yake cikin littattafan zaurenmu don kawai ya dawo sanye da kwat?

Abin da masu adawa ke mayarwa

Suka ce a fara da labarin da ya haifi sunan fannin, don a nan ƙaryar ta soma. Daga 1940 zuwa 1956 wani mutum ya riƙa dasa bama-bamai a birnin New York. Wani likitan ƙwaƙwalwa, James Brussel, ya zana siffarsa, har ya ce ranar da za a kama shi za a gan shi da kwat mai maɓallai layi biyu, a ɓalle tsaf. A Janairun 1957 aka kama George Metesky, da ya shiga ya sauya kaya sai ga shi da irin kwat ɗin. Duniya ta ɗauka. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wata ma'aikaciyar kamfanin lantarkin da Metesky ya taɓa yi wa aiki ce ta gano shi, ta hanyar tonon tsofaffin takardun ma'aikatan da suka yi rigimar diyya da kamfanin. Waɗanda suka koma suka duba abin da likitan ya faɗa tun farko sun tarar ya yi kuskure da yawa, kuma da ya zo ba da labarin daga baya sai ya tuna inda ya dace ya manta inda ya kauce. Boka ma haka yake yi.

Sannan aka auna abin da ma'auni. A 1995 wani jami'in ƴan sandan Ingila, Gary Copson, ya bi bincike 184 da aka nemi taimakon masu siffanta mai laifi. Sama da kashi 80 cikin ɗari na masu binciken sun ce shawarar ta amfane su. Da aka tambaye su ko ita ta kai su ga gano mutumin, amsar ba ta kai kashi 3 cikin ɗari ba. Tsakanin waɗannan lambobi biyu akwai rami mai zurfi, kuma wani gwaji da Laurence Alison da abokan aikinsa suka yi ya nuna abin da ke cikinsa. Sun ba jami'ai siffa guda ɗaya, suka raba su biyu. Aka nuna wa kashi ɗaya bayanin ainihin mai laifin, aka nuna wa ɗaya kashin bayanin wani mutum na ƙirƙira da ya sha bamban da shi. Kowane kashi ya ce siffar ta dace da nasa mutumin. Maganar da aka saƙa ta da laushi kowa za ta shiga, kamar babbar riga.

Shi kansa rabon da FBI ta yi suna da shi, wai masu kisa iri biyu ne, mai tsari da marar tsari, daga hirar fursunoni 36 aka gina shi. A 2004 Canter ɗin nan da masu goyon baya ke tutiya da shi ya gwada rabon a kan masu kisa 100, bai ga ya tsaya ba.

Da kuskuren a takarda yake ƙarewa, da sauƙi. A Yulin 1992 aka kashe wata matashiya a wani filin shaƙatawa na Wimbledon a Landan, a gaban ɗanta ƙarami. Masanin halayya Paul Britton ya zana siffa, ƴan sanda suka ga ta yi kama da wani mazaunin unguwar, Colin Stagg, mutum mai zaman kaɗaici da ke yawo da karensa a filin. Suka tura masa ƴar sanda a ɓoye ta yi ta yaudararsa wata da watanni ko zai furta wani abu. Bai amsa laifi ba, duk da haka aka tsare shi wata 13. A 1994 alƙali ya yi watsi da ƙarar da kakkausar murya. Sai a 2008 gwajin ƙwayoyin halitta ya kai ga Robert Napper ya amsa kisan. A lokacin da idon hukuma ke kan Stagg, Napper ya kashe wata mata da ƴarta a 1993. An biya Stagg diyyar fam 706,000, amma waɗancan biyun ba su dawo ba.

A Oktoban 2002 kuma, lokacin da wasu ke harbe mutane daga nesa a kewayen Washington, masana suka cika talabijin da cewa a nemi farar fata, mutum ɗaya, ana ta tare fararen motoci. Da aka kama su, baƙaƙen fata ne su biyu, babba da yaro, cikin shuɗiyar mota, bayan sun kashe mutum goma. Motar tasu ta sha gilmawa ta gaban ƴan sanda, ba ta yi kama da abin da ake nema ba.

Game da firasa, masu adawa suka ce a karanta littafin har ƙarshe. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, Bamalike, ya tsaya kan cewa ba a gina hukunci a kanta. Rigar Annabi Yusufu kuwa abu ce da ake gani, ake taɓawa, shaida ce ta wurin da abin ya faru. Ba wanda ya ce a dubi fuskarsa ko garinsu.

Masu goyon baya sun sake tashi

Suka ce duk an ji, amma wuƙar da ta yanke mai ita ba a hana fawa saboda ita. A shari'ar Stagg an ɗauki siffa an mayar da ita shaida, wanda kuwa ba aikinta ba ne. Ingila ba ta jefar da fannin ba bayan wannan abin kunya, ta dai ɗaure shi da ƙa'idoji: mai ba da shawara ya rubuta dalilin kowace magana, ya bambanta abin da ya tabbata da abin da yake zato.

Kuma suka jefo tambayar da ta fi kowace nauyi a wajena. Wane mai bincike ne a Tawa ba ya siffanta mai laifi a yau? Duk jami'in da ya daɗe a aiki, da ya ji an fasa gida a unguwa kaza, akwai fuskokin da ke faɗo masa. Mai unguwa na da nasa jerin, dillalan kasuwar dabbobi na da nasu, matan gida ma haka. Siffantawa tana nan ana yi, cikin kai, ba a rubuce ba, ba mai tambayar dalili. Wanda aka koya wa fannin aƙalla an koya masa cewa zuciya tana son abin da ya gaskata zatonta, an koya masa ya nemi abin da zai rushe hasashensa. Hana koyarwa ba ya kashe zato, sai dai ya bar shi ba linzami.

Sun ƙara da cewa sau da yawa ilimin yana juya ido daga baƙo ne zuwa na gida. A Disambar 2021 aka sace wata yarinya ƴar shekara biyar a Kano, gari ya ɗauka aikin wasu miyagu ne daga nesa. A Janairun 2022 aka gano mai makarantar da take zuwa ne, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a Yulin shekarar. Darasin farko a wannan fanni shi ne a fara da rayuwar wanda aka cuta: wa ya sani, wa ya yarda da shi, wa zai kira shi ya bi ba gardama. Da ɗan gari akan ci gari. Makiyayin da ya rasa shanu hamsin dare ɗaya ya san akwai wanda ya nuna makwancinsu, kuma ba daga Mali ya zo ba.

Ba kuma sai an je Turai ba. Ƴan sandan Afirka ta Kudu sun kafa nasu sashen a tsakiyar shekarun 1990 ƙarƙashin Micki Pistorius, a ƙasar da ke fama da masu kisa a jere irin Moses Sithole, wanda kotu ta same shi da kisan mutum 38 a 1997.

Masu adawa sun dawo da maganar gida

A nan muryarsu takan canza, don sun bar Landan sun dawo gida, yankin Azawak na arewacin jihar Tawa.

Suka ce a ƙasar da ƙabila ke rubuce a rawani da harshe da tsagar fuska, siffa ba ta daɗewa tana siffa. Masani zai rubuta cewa mai laifin ya san daji, ya saba da dabbobi, ba ya zama wuri ɗaya. Kafin takardar ta isa shingen binciken da ke kan hanyar Abalak ta zama kalma ɗaya: Bafillace, ko Buzu. Kuma Adar ta san kuɗin wannan kalma. A Mayun 1990, zamanin shugaban ƙasa Ali Saibu, wasu matasan Abzinawa suka far wa ofishin hukuma a Cintabaradan. Martanin soja bai tsaya kan waɗanda suka yi ba, ya bi duk wanda ya yi kama da su, a gari da rugage da bakin rijiyoyi. Har yau ana jayayya kan yawan waɗanda suka mutu: hukuma ta faɗi gommai, dangin mamata suka ce ɗaruruwa. Taron ƙasa na 1991 ya tono maganar, amma wuta ta riga ta kama, tawaye bai lafa ba sai da yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995.

Ranar 21 ga Maris 2021 mahara a kan babura suka afka wa Intazayan, da Bakorat, da Wistan a yankin Tiliya. Gwamnati ta ƙirga gawa 137. Duk mai imani yana son a kamo waɗanda suka yi wannan aiki. Sai dai a bayan irin wannan rana, matashi makiyayi mai babur da rawani, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, shi ne ya fi kowa kama da wanda ake nema. Idan aka tsare shi aka wulakanta shi, masu ɗaukar mayaƙa a daji sun sami abin faɗa masa gobe.

Bahaushe ma kada ya ɗauka shi a tudun mun tsira yake. A Maris ɗin 2025, a Uromi ta jihar Edo a Nijeriya, aka tare mafarauta ƴan Kano da ke komawa gida hutun salla. Aka ga bindigogin farauta, aka ji harshensu, aka ce masu garkuwa da mutane ne. Mutum 16 aka kashe. Adar ƙasar ƴan ci-rani ce, ba gidan da ba shi da ɗa a Abijan, ko Legas, ko Libiya, kuma a can ɗan Adar shi ne baƙon da ya yi kama da wanda ake nema. Wani Baitaliye, Cesare Lombroso, ya taɓa rubuta a 1876 cewa ana gane mai laifi ta ƙirar kai da muƙamuƙi. Ilimi ya ƙaryata shi tuntuni, amma tunaninsa yana nan da rai a bakin kowane shinge.

Suna da wata hujja ta sana'a zalla. An gina fannin ne don mutum ɗaya mai ciwo a zuciya, wanda ke kisa ko fyaɗe don biyan wata buƙata ta ransa, yana barin alamar ciwon a wurin. Manyan laifuffukan arewacin Adar kasuwanci ne: satar shanu, safarar makamai da ƙwaya, karɓar haraji da bakin bindiga, garkuwa don kuɗin fansa. Waɗanda suka ɗauke wani Ba'amurke ma'aikacin agaji a Abalak a Oktoban 2016, aka riƙe shi har Maris ɗin 2023, ba ƙuruciyarsu ce za ta bayyana su ba. Ƙungiya ce mai shugaba da mai leƙen asiri da mai sayen fetur. Dabarar taswira ma da ta yi aiki a Kilburn ta dogara ne kan cewa mai laifi yana da gida ɗaya da yake fita ya dawo. Mutumin da zai yi aika-aika a Tasara da hantsi ya kwana a wata ƙasa fa, ina za a dasa tsakiyar da'irarsa?

A gari kuwa, gwada ka rubuta siffar mai ƙwacen waya: namiji, tsakanin shekara ashirin da talatin, ba shi da tsayayyen aiki, ya taɓa zuwa ci-rani, mai yiwuwa yana shan taramol. Shiga kasuwar Lahadi ta Tawa da wannan takarda ka ga mutum nawa za ka kama kafin azahar. Doka ta ba ƴan sanda awa 48 su tsare mutum, ana iya ƙarawa, daga nan sai gaban mai gabatar da ƙara. Wanda aka tura kaso jiran shari'a kuwa ya shiga layi mai tsawo, don sama da rabin mutanen da ke gidajen kason Nijar ba a yanke musu hukunci ba. Talakan da ya yi kama da siffa ba shi da lauya, kuma ba wanda zai ba shi fam 706,000.

Tankaɗe da rairaya

Da na jera hujjojin nan sai na ga ɓangarorin biyu suna kiran abubuwa uku da suna ɗaya, shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa.

Akwai karanta aikin: ta ina aka shiga, da wane makami, wa aka zaɓa, ya yi kama da wane laifi na baya. A kan wannan ban ji masu adawa sun kawo abin da ya rushe shi ba. Misalan da suka yi nasara, har da na Duffy, a nan ƙarfinsu yake, wato taswira da jera laifuffuka. Ko ga ƙungiyoyin daji yana da amfani, don ƙungiya ma tana da ɗabi'a: ranar da take fita, hanyar da take bi, kasuwar da shanun sata ke ɓullowa. Wannan ɗan'uwan bin sawu ne, kuma rashin yinsa a tsare asara ce.

Akwai hasashen zuciyar mutumin da ba a gani ba, wai yana ƙin mahaifiyarsa, wai mai tsafta ne, wai zai sa kwat. A nan masu adawa sun yi rinjaye a fili. Lambobin Copson da gwajin Alison ba su bar wa wannan ɓangare wurin tsayawa sosai ba, kuma ɗan abin da aka auna a kansa an auna shi ne a kan Amurkawa da Ingilishi. Wanda zai ɗauko shi ya ɗora wa mutumin Keita ya yi ganganci.

Na ukun shi ne kama mutum don irinsu, wanda ba ilimi ba ne ko kaɗan, ko da yake shi ya fi saurin aron rigar ilimi. Kama da wane ba ta wane, Hausawa sun gama wannan magana tun kafin a haifi Lombroso.

Inda na kasa yanke hukunci shi ne ko za a iya shigo da na farko ba tare da na ukun ya biyo shi ta taga ba. Masu goyon baya sun ce horo ne maganin son zuciya. Masu adawa sun ce horo yana ba son zuciya hatimi ne kawai, jami'in da dā zai ce "raina ya ba ni" yanzu zai ce "bincike ya nuna". Ina jin duka biyun suna faruwa, kuma wanda zai rinjaya ya danganta da abin da ba ya cikin fannin: ko alƙalin bincike zai iya mayar da takarda ya ce wannan ba shaida ba ce, ko shugaban ofis zai hukunta wanda ya tara mutane don rawaninsu. Mai bin sawun ƙwarai yana da ladabin da nake so a ara: inda sawu ya hau dutse ya ɓace, yakan miƙe ya ce nan ilimina ya tsaya. Ban san jami'ai nawa ne za su iya faɗin haka ba alhali gwamna na bugo waya, gari kuma na jiran a nuna masa wani.

Da za a tambaye ni, sai in ce a gwada a ƙaramin wuri, da sharaɗi uku masu tsauri. A rubuta siffar da kwanan wata kafin a kama kowa, don kada a gyara ta daga baya irin na Brussel. Kada sunan ƙabila ya shiga cikinta sai in shaidar ido ce ta faɗa. Kada kuma ta zama dalilin tsare mutum ko na awa ɗaya, sai an sami abin da ya haɗa shi da laifin. Bayan shekara biyu a ƙirga sau nawa ta dace, sau nawa ta kauce, a faɗa wa jama'a a rediyo.

Kafin nan ma akwai aikin da ba ya jiran kuɗin kowa. Tawa tana da babbar kotu da kotun ɗaukaka ƙara, tana da Jami'ar Djibo Hamani mai sashen koyar da shari'a. Takardun shari'o'in da aka gama suna nan a ma'ajiyar kotu. Malamai da ɗalibai su nemi izini su zauna da su, su ƙirga mana: a satar dabbobin da aka yanke wa hukunci, sau nawa ɓarawon ya fito daga cikin garin, sau nawa daga nesa, kuma mutum nawa aka fara kamawa aka saki kafin a kai ga na gaskiya. Ranar da wannan lissafi ya fito, ni da masu goyon baya da masu adawa sai mu sake zama.